Yadda Zaka Zagaya Tsohuwar Masana'antar Narka Karfe ta Völklingen a Jamus

Wannan na 'yan uwa ne dake zaune a Jamus ko gabashin Faransa, dalibai da masu aiki, wadanda ke neman inda zasu kai kansu ranar hutu. Völklinger Hütte, wato sunan masana'antar da Jamusanci, tana jihar Saarland dab da iyakar Faransa, an kafa ta 1873, iyalan Röchling suka saye ta 1881, aka kunna tanderun farko 1883, wutar ta mutu gaba daya 1986, sannan UNESCO ta saka ta cikin kayan tarihin duniya a 1994. Tanderu shida ne suna nan tsaye yadda aka barsu. Matsalar da nake gani kullum itace mutum ya shiga ya yi ta daukar hoton tsatsa ya fito bai san me ake yi a wajen ba.

Na farko, hanya. Ka hau jirgin kasa daga Saarbrücken, kamar minti goma ne, kana sauka a tashar Völklingen zaka hango bututai a gabanka. In kana da Deutschlandticket, tikitin wata na jiragen kusa da bas a fadin Jamus, ba sai ka sayi wani tikitin jirgi ba, kudin shiga kawai zaka biya. Ka duba lokacin budewa a shafinsu tun daga gida, kuma kaje da safe, wanda ya iso bayan azahar ya riga ya yi asarar rabin abin.

Na biyu, takalmi. Kada ka kuskura kazo da silifas ko takalmi mai tsini, babbar riga ma ka barta a gida don matakalan karfe ne masu huda-huda kana taka su kana hango kasa ta karkashin kafarka. Ka riko jaket ko da rana ta fito, iskar sama daban ce.

Na uku, kuma nan ne zan dade, ka bi hanyar da tama ke bi, wato dutsen da ake narkawa a fitar da karfe. Mutane da yawa da sun shiga katon dakin injinan iska shikenan sun makale, ga nune-nunen da ake shiryawa a ciki, kafin su farga kafa ta gaji basu hau ko'ina ba. Ni a wajena wannan dakin sai daga baya. Ka fara da inda ake tara kayan, tama wadda yawancinta daga Lorraine ta Faransa ake kawo ta, da kwal din da aka gasa ya zama kok, da dutsen farar kasa. Ka daga kai zaka ga wasu kananan taragu rataye a layin dogo, sune ke daukar wannan hadin su hau dashi sama. Ka karbi hular kwano da suke bayarwa ka bi su har dandalin da ke mita 27 daga kasa, inda ake juye kaya a bakin tanderu. Ka tsaya nan sosai, ka leka bakin, ka duba yadda layin ya bi ta kan tanderun shida daya bayan daya. Kaya na sauka daga sama, iska mai zafin da ya haura digiri 1000 na shiga daga kasa, kok ya ci wuta ya raba karfen da dattinsa, narkakken karfe yafi nauyi sai ya kwanta a gindi dattin kuma ya taso a kansa, a huda a tsiyaye kowanne daban. Dare da rana ake yi ba a kashewa, kuma mutane ne ke tsaye a wannan dandalin cikin hayaki da sanyin hunturu. A 1965 ma'aikata sun haura 17,000.

In kafarka da zuciyarka zasu dauka ka karasa can kololuwa mita 45, saman manyan tulunan dake dumama iskar. Daga nan zaka hango garin da kogin Saar da masana'antar Saarstahl da har yanzu take aiki. Mai jin jiri ya tsaya a 27 din, ba abin kunya bane.

Yanzu ne zaka sauko dakin injinan iska, kuma yanzu zasu yi maka ma'ana. Duk wanda ya taba zama a makera ya san aikin zugazugi, to wadannan sune zugazugin wajen, sai dai kowanne da katuwar tayar karfe da tafi mutum tsawo nesa ba kusa ba, kuma da iskar gas din da tanderun ke fitarwa ake tuka su.

Kada ka tsallake wurin tunawa da mutanen da aka tilasta wa aiki a nan lokacin yakin duniya na biyu, sun haura 12,000, da dama sun mutu, shi kansa Hermann Röchling, shugaban masana'antar a lokacin, kotu ta daure shi bayan yakin. Ka rage murya a wajen, yara ma a ja musu kunne.

Sauran kuwa, akwai inda ake gasa kwal a da, yanzu ciyayi da bishiyoyi sun cinye shi suna kiransa Paradies, in lokaci ya rage ka ratsa ta ciki. Ka ware awa hudu akalla, ka zo da ruwanka da dan guzuri, sallah kuma ka tsara ta tun kafin ka shiga.