Yadda ake saita allon tsohuwar kwamfutar tebur kafin a yanke mata hukuncin mutuwa

Kwamfutocin tebur da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala, su biyo hanya ta Ngaundare har su iso Garwa da Marwa, yawancinsu sun gama aikinsu ne a ofisoshin Turai kafin su zo hannunmu. Su ne har yau ke buga takardu a shagunan sakatariya na bakin titi da ƙananan makarantu: Pentium 4, Core 2 Duo, jefi-jefi tsohon Athlon. Da zarar ɗaya ta ƙi tashi, abin da yaron shago ke fara faɗi shi ne, "Maigida, kart-mer ɗin ya ƙone." Yana nufin babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda duk sauran kayan ke haɗuwa a kansa, kuma sau da yawa allon lafiyarsa ƙalau. Waya ɗaya ce ba a soka ba, ko batir ya mutu, ko 'yar hular roba ta zauna inda bai kamata ba. Abin da ke kayar da masu koyo shi ne taɓa abu biyar a lokaci guda, har su rasa wanne ya gyara, wanne ya ɓata.

Kafin ka kai hannu ga soket, juya bayan kwamfutar ka duba akwatin wuta. Tsofaffi suna da wani jan maɓalli da ake turawa gefe, an rubuta 115 da 230. Wutarmu 220 ce, don haka 230 za ka gani a fili. Kayan da suka fito daga Amurka ko Kanada kan zo a kan 115, kuma in ka jona su haka, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Bayan nan ka zare igiyar wuta, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ciki ta fita. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jikinka na tara wutar da ke kashe RAM, wato katin ƙwaƙwalwar aiki na kwamfuta, ba tare da ka ji komai ba, saboda haka ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa allo. Ɗauki hoton ciki da wayarka tun ba ka cire ko waya ɗaya ba.

Ni a shagona ba a gwada allo a cikin akwati. A kwance shi, a ɗora a kan busasshen kwali, a kaɗe ƙura da burushin fenti mai laushi. Allunan Dell da HP ne kawai nake bari a wurinsu, don wayoyin gabansu da siffarsu nasu ne na kansu. Sunan allo yana rubuce a jikinsa, galibi tsakanin ramukan kati ko kusa da furosesa, wato babban cif ɗin da fanka ke zaune a kansa. Rubuta shi, domin da shi za ka nemo littafin allon a intanet. Sai ka duba kondansa, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye kewaye da furosesa. Kansu ya zama shafe sumul. In ka ga wanda ya kumbura ko ya yi dattin ruwan ƙasa a ka, tsaya nan, babu saitin da zai yi maganinsa sai an canja shi. Allunan farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wannan ciwo.

Yanzu ka haɗa abu biyar kacal: furosesa da fankarsa, RAM guda ɗaya, akwatin wuta, ƙaramar lasifikar allo, da sikirin. Ban da diski, ban da CD, ban da kowane kati. Igiyar wuta biyu ce ke shiga allo. Babbar mai rami 20 ko 24 kowa na ganinta. Ƙaramar mai huɗu, waya biyu rawaya biyu baƙi, ita ke ba furosesa 12V, kuma ita ce ake mantawa tun daga zamanin Pentium 4. In ba ta shiga ba, a alluna da yawa fanka za ta yi ta juyawa sikirin na baƙi, yaro ya rantse allo ya mutu. Don kunnawa, nemi allurai biyun da aka rubuta wa PWR SW ko PW, ka haɗa su da bakin sukuddireba na ƙiftawar ido. Ƙara ɗaya gajera daga lasifika na nufin allo ya gamsu. In kuwa ya yi ta kuka ba tsayawa, fara zargin RAM.

RAM kuma a duba tsagar da ke ƙasanta. DDR ta farko ƙafa 184 gare ta, DDR2 da DDR3 kowacce 240, amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kuma wutarsu ta bambanta: 2.5V, 1.8V, 1.5V. In ba ta zauna da matsi kaɗan ba, ba tata ba ce, kar ka sa ƙarfi. Goge ƙafafun zinariyar da kilinar fensir, ka hure rami, ka danna har kunnuwan gefe biyu su rufe da kansu. A kasuwa za ka ci karo da RAM mai arha da aka ciro daga saba, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, da alamar ECC REG ko R a ƙarshen lambarta. Tana shiga ramin daram, amma allon tebur ba zai tashi da ita ba. Arharta ke nan.

Sai batir. Zagayayyen nan ne mai lamba CR2032, 3V, irin wanda masu gyaran agogo ke sayarwa. Auna shi da mita. Ni duk wanda ya sauka ƙasa da 2.8 cire shi nake, kuɗinsa 'yan ɗaruruwan sefa ne, bai kai a yi masa jayayya ba. Wannan batir shi ke riƙe agogo da duk saitin BIOS, shirin cikin allo da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, idan an ɗauke wuta, a nan kuwa ba sai na gaya maka yawan ɗaukewar ba. Kusa da shi akwai allurai uku da 'yar hular roba a kan biyu, wadda masu gyara a nan ke kira kabaliye. Rubutun gefenta ya danganta da kamfani: CLR_CMOS, ko CLRTC a allon Asus, ko JBAT1 a na MSI. Mazauninta na kullum allura ta 1 da ta 2. Don wanke saiti, zare igiyar wuta tukuna, ka mayar da hular kan 2 da 3, ka ƙirga goma, ka dawo da ita 1 da 2. Dawowar nan ita ce ake mantawa. An sha kawo mini kwamfuta daga wani shago an ce ta mutu murus, in buɗe in tarar hular na kan 2 da 3 tun ranar da wani ya wanke. Wasu allunan allurai biyu ne kawai ba hula, sai a haɗa su da sukuddireba. HP na da ɗan maɓalli rawaya a maimakon haka. Kayan ofis kuma kan zo da kalmar sirri a BIOS. A Dell da HP akwai hula dabam mai suna PSWD: cire ta, kunna, kashe, mayar.

In allon na tsohon Athlon ne, duba ko akwai hular da aka rubuta wa 100/133. Athlon XP 2000+ gudunsa 1667MHz ne, amma in hular na kan 100 zai nuna 1250, mai kaya ya zaci an sauya masa furosesa.

Da allo ya nuna hoto, sai a zo ga diski, inda na fi ganin masu koyo na zufa. Tsofaffin diski da CD na amfani da faffaɗar igiyar IDE mai rami 40, kuma igiya ɗaya na ɗaukar na'ura biyu. Dole ɗaya ta zama ta gaba, ɗaya ta baya. A bayan kowace na'ura, tsakanin ramin igiya da ramin wuta, akwai allurai da hula, an rubuta MA, SL, CS. MA ita ce ta gaba, SL ta baya, CS kuma na nufin igiya ce za ta raba musu matsayi. In ka bar biyun duk a kan MA, kamar mutum biyu ne suka kama kan babur ɗaya: wani lokaci BIOS ya ga ɗaya, wani lokaci ya rasa duka, wani lokaci ya rubuto sunan diski da haruffan shirme. Yaro na ganin haka sai ya ce diski ya lalace.

Ƙa'idata ita ce diski a MA, CD a SL, kuma ban yarda da CS ba sai a Dell da HP da suka zo da igiyarsu ta asali. In za ka yi CS, to duka biyun su kasance a kai, kar ka gauraya. Igiyar ma iri biyu ce. Mai siraran wayoyi 80 ita ce ta kirki, ita ke barin diski ya wuce gudun 33, kuma kawunanta launi uku ne: shuɗi ya shiga allo, baƙi na can ƙarshe na ta gaba, toka-toka na tsakiya na ta baya. Jan layin gefen igiya yana bin allura ta 1, a jikin diski kuma yana fuskantar ramin wuta. In diski ɗaya ne tak, sa shi a ƙarshen igiya, kar ka bar jela na reto.

Kar ka haddace wurin hula daga diski ɗaya ka kai wa wani. Kowane kamfani da tsarinsa, zanen na kan takardar da ke manne a bayan diskin, karanta shi. Western Digital na da wani tarko da ya kamata ka sani: in shi kaɗai ne a igiya, cire hular ake gaba ɗaya. Ka sa shi a MA ba abokin zama, sai ya tsaya jiran na baya, kwamfuta ta yi ta jinkiri a farkon tashi ko ta ce babu diski. Wasu diskin kuma suna da wurin hula da ke rage su zuwa 32GB saboda tsofaffin BIOS. In ka ga diski mai 80GB na nuna 32, ba cuta aka yi maka ba, hula ce. Allon da ke da ramin IDE biyu, ba CD nasa ramin dabam ka huta. Na zamanin soket 775, wato mazaunin furosesar Intel mai wannan lamba, da yawa rami ɗaya gare su, dole su yi zaman tare. SATA, siririyar igiyar da ta maye gurbin IDE, ba ta da wannan rigima ko kaɗan, igiya ɗaya na'ura ɗaya. Sai dai wasu tsofaffin alluna masu cif ɗin VIA ba sa ganin diskin SATA mai gudun 3, sai an sa masa hular da ke mayar da shi 1.5.

Ƙara na'ura ɗaya, kunna, ka ga BIOS ya gan ta, kashe, sannan ka ƙara ta gaba.

Shiga BIOS da Del a yawancin alluna, wanda a kibod ɗin Faransanci aka rubuta Suppr, F2 a Dell, F10 a HP. Fara loda saitin asali, sannan ka gyara kwanan wata da lokaci, don in shekara ta koma baya shafukan intanet ƙin buɗewa suke. In babu fulofi, kashe shi, in ba haka ba kullum sai ta tsaya tana neman a danna F1. Sai saitin yadda allo ke magana da diskin SATA, wanda ko dai yana kan IDE ko kan AHCI. Windows na tashi ne kawai a yanayin da aka sa shi. Batir ya mutu, saiti ya koma na asali, sai shuɗin sikirin mai lamba 7B ya fito, yaro ya ɗauko faifai zai goge komai, alhali takardun mai sakatariya na shekaru na ciki. Juya saitin zuwa ɗayan ka sake gwadawa kafin ka goge wa mutum kaya. Windows XP dai IDE yake so, sai in an ba shi direban AHCI. Akwai kuma wurin da ke tambayar me za ta yi in wuta ta dawo. Sa shi a Off, domin wutar da ta dawo da ƙarfi ba a tarbarta da kwamfuta a kunne.

Leƙa shafin zafi kafin ka fita. A watan Maris da Afrilu na Garwa, da zafi ke haura 40, Pentium 4 da ke nuna sama da 60 ba ya aikin komai na bukatar sabon man sanyaya, wanda ake sawa tsakanin furosesa da ƙarfen fanka. Goge tsohon tas, ɗigo ɗaya a tsakiya, ban da man goge baki. Fankar 775 ƙafa huɗu gare ta, a danna su biyu-biyu ta kusurwa, a leƙa bayan allo a tabbata duk sun fito.

Saura mayarwa cikin akwati. Kowane ƙarfen tagulla da allo ke zama a kai ya dace da ramin sukuru, wanda ya yi saura a cire shi, don shi ke haɗa wuta ta ƙasa. Wayoyin maɓallin kunnawa da na risit ba ruwansu da juyi. Na fitilu ne ke da shi, in ba su kama ba juya su. Kula da ramin USB na gaba: a wasu alluna akwai wani rami dabam da aka rubuta wa 1394, mai kama da shi sak, kuma wutarsa na ƙona duk abin da aka soka. Karanta rubutun gefe, ka gwada da tsohon linzami kafin filas ɗin mai kaya ya shiga. Ka bar ta a kunne awa biyu a kan regulata, ka kashe, ka zare igiya minti biyar, ka sake kunnawa ka duba ko agogo na nan daidai.