Yadda ake tafiya da al'umma a binciken rigakafin HIV

Abin da na fi gani wajen sabbin ma'aikatan bincike shi ne sai sun gama rubuta tsarin binciken, kwamitin ɗa'a ya sa hannu, kuɗi sun shigo, sannan su tara mutane wai sun zo wayar musu da kai. To a nan aka riga aka makara. Mataki na farko shi ne ka je wurin mutane tun takardar tana iya canzuwa, in ba haka ba sanarwa kawai ka kai musu.

Wannan ya taɓa rusa manyan bincike. A 2004 gwamnatin Kambodiya ta dakatar da gwajin ƙwayar tenofovir da ake son gani ko tana kare mutum daga kamuwa, bayan mata masu zaman kansu da za a yi gwajin da su sun ce ba su yarda ba, a 2005 ma aka tsayar da irinsa a Duwala ta Kamaru. Bayan wannan ne UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar ƙanjamau, da AVAC, ƙungiyar da ke fafutukar rigakafin HIV, suka fitar da GPP, wato ƙa'idojin yadda ake tafiya da al'umma a irin wannan bincike, a 2007, aka sabunta a 2011. Karanta su kafin ka taka ƙafa waje, kyauta ne a intanet.

Sai kafa kwamitin ba da shawara na al'umma, kuma nan nake so ka nutsu sosai. Sabon shiga yakan cika kwamiti da manya masu faɗa a ji saboda su ne ke da sauƙin samu, amma wadda za a ɗebi jininta duk wata ba ta cikin ɗakin, ko tana ciki ta yi shiru a kujerar baya don ba za ta iya maganar kwaroron roba a gaban sa'an mahaifinta ba. Ni dokata ita ce a yi zama daban da matasa, daban da mata, daban da masu ɗauke da cutar, kuma ba da kyamara ba. Kuɗin mota a biya su, lokacinsu suka bayar, amma kar ya yi yawan da zai sa mutum ya kasa ce maka a'a.

A zaman nan akwai tambayar da dole za ta fito: idan na kamu ana cikin binciken, wa zai kula da ni, har zuwa yaushe? Wallahi kar ka shiga ɗakin ba ka da amsa a rubuce, da sunan asibitin da za a tura mutum da wanda zai biya. Haka batun ƙwayar da babu magani a cikinta, wadda ake amfani da ita don kwatantawa da ta gaskiyar, ka faɗa ƙarara cewa wasu ita za su samu kuma ba wanda zai san tasa. Fom ɗin amincewa a fassara shi zuwa harshen mutanen, a ba 'yan kwamiti su karanta su nuna inda bai fahimtu ba, sannan a gyara da gaske.

Da an fara aiki kar ka ɓace. Gwajin VOICE, wani gwajin maganin kariya daga HIV da aka yi da mata a Afirka, ya nuna dalili, mata da yawa sun ce suna amfani da maganin amma gwajin jini ya nuna akasarinsu ba sa sha, irin wannan sai wanda mutane suka saki jiki da shi zai ji tun da wuri. Jita-jita kuma, musamman ta cewa ana sayar da jini, a amsa ta cikin satin da ta taso.

Ƙarshe sakamako. Mai kyau ne ko mara kyau, waɗanda suka shiga binciken su fara ji kafin 'yan jarida, kuma a gaya musu yadda za su samu maganin in ya yi aiki.