Tsakanin tashin wani da kwanciyar wani a ɗakin wankin ƙoda

Ƙanwata, ke da kika fara aiki da mu a nan Yamai, lokacin da na fi jin tsoro a yini shi ne sa'ad da marasa lafiya na rukunin safe suka gama awa 4 ɗinsu a kan inji, na rana kuma suna zaune a baranda tun da hantsi. Nan ake gaggawa, nan cuta ke samun hanya.

Kada ki fara goge komai sai mara lafiya ya bar wurin. Ki cire bututun jini da matatar, allurai su shiga kwalinsu nan take ba tare da mayar musu da murfi ba. Ki tuɓe safar hannu, ki wanke hannu, ki sa sabuwa. Da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, da ruwan alkol 20 zuwa 30. Safa ɗaya, mutum ɗaya. Ko injin gadon kusa ya yi ƙara, canza kafin ki taɓa shi.

Ruwan jabel kullum da safe ake haɗa sabo, a rufe shi, a kauda shi daga rana, don zafi da haske na kashe ƙarfinsa. Ki duba kwalbar: in mai kashi 5 cikin 100 ce, awo 1 da ruwa awo 9 inda jini ya zuba. Ki fara kwashe jinin tukuna, sannan ki jiƙa wurin ki bar shi ya bushe da kansa. Fuskar injin, maɓallai, hannun kujera, abin awon hawan jini, har da ƙarfen da muke matse bututu. Na taɓa juya shi na ga busasshen jini a maƙale cikin haƙoransa, bayan an ce an gama shara. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana kai kwana 7 da rai a irin wannan wuri. Shi ya sa masu ita ke da ɗakinsu da injinsu, wadda ke kula da su kuma ba ta haɗawa da sauran a wannan zaman. Ke ma ki cika rigakafinki, allura 3.

Heparin, maganin hana jini daskarewa, a teburin magani ake zuƙarsa, nesa da gadaje. Abin da ya je gadon wani, ko filasta ce, ba ya komawa tebur.

Masu kateta a wuya, wato bututun da ake bari cikin jijiyar jini, su na fi tausayi, don ƙwayar cuta kai tsaye take shiga jininsu. Ki sa takunkumi, shi ma ki sa masa. Nakan ce, "Baba, juya fuska can, a daure kada a yi magana." Sai in murje bakin katetar da alkol, in jira ya bushe, sannan in haɗa. In kika ga ja ko mugunya a wurin, ko sanyi ya kama shi yana karkarwa bayan an haɗa, kira lokotoro kafin ki yi wani abu.