Darasi na Tara: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Iyayena da yayyena 'yan aji, darasin yau a kan jaka ɗaya tak yake. Ita ce jakar da mutum zai sura ya fice idan gida ya ƙi zaunuwa, ko ruwa ne ya shigo, ko gobara ce ta tashi, ko an ce kowa ya bar unguwa. Za mu kira ta jakar ko-ta-kwana.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata damina, cikin watan Agusta, aka kwana ana tsuga ruwa a unguwarmu ta cikin birni. Leda ta toshe kwatar lungunmu, ruwa ya rasa hanya ya juyo cikin gidaje. Wajen ƙarfe biyun dare muka ji katangar maƙwabtanmu ta zube, ga shi an ɗauke wuta. Matar gidan ta fito da goyo a baya, ta riƙo yaro da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tukunya ce, babu komai a cikinta. Da gari ya waye na ce, "Yaya, me za ki yi da tukunya?" Ta ce, "Wallahi ƙanwata, ban san na ɗauko ta ba. Abin da hannuna ya taɓa ke nan."

Takardar gidansu ta gado tana ƙarƙashin katifa, tare da katin rigakafin jaririn da takardun makarantar manyan yara. Ni na taya ta shanya su a tabarma. Tawada ta narke, shafuka sun manne da juna kamar ƙullu, in ka ɗago ɗaya sai ya biyo yatsanka. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Amma ta fi shekara tana zarya kafin ta maido da rabin abin da ke cikin takardun nan. Wanda ya firgita ba ya zaɓe. Shi ya sa za mu yi zaɓen tun yanzu, muna zaune da hankalinmu.

Shin wannan kiran masifa ne?

Wata dattijuwa a ajin bara ta tambaye ni, "Malama, haɗa kayan gudu ba fatan tsiya ba ne?" Na ce, "Hajiya, ki tuna Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Shi ya ce a yi noma shekara bakwai a bar hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun fari." Haka kuma mai raƙumi, an umarce shi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali.

Kuma ba labarin nesa muke yi ba. A watan Agustan 1988 madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari cikin dare. A Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, mai neman na yau da gobe ya wayi gari ba fita. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta fashe, 'yan'uwanmu na Maiduguri suka farka cikin dare ruwa na cin gidajensu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Wataƙila kun ji jikokinku na labarin finafinan Amurka, inda gawarwaki ke tashi suna bin mutane, waɗanda ake ce wa zombi. Almara ce kawai. Amma a 2011 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ari labarin don ta jawo hankalin matasa su haɗa kayan gaggawa, tunda kayan iri ɗaya ne da na ambaliya da guguwa. Idan yaron gidanku na son irin wannan kallo, ku ja shi cikin aikin nan, zai yi shi da zumuɗi.

Jakar kanta

Ba sai an sayi sabuwa ba. Tsohuwar jakar makaranta ta goyawa ta fi, domin tana barin hannu biyu a sake. Mai goyo kuma ta nemi ta ratayawa a kafaɗa. Bakko na da ɗaukar kaya, amma tana cinye hannu, zif ɗinta kuma ba shi da amana. Ƙa'idar ɗaya ce: kayan kwana uku, waɗanda mai ɗaukarsu zai iya tafiyar rabin awa da su ba tare da ya sauke ba. Idan kin gama shiryawa, ki goya ɗanki, ki rataya jakar, ki zaga tsakar gida sau goma. In kin gaji, ki rage kaya.

Takardu su ne farko

A nan zan fi daɗewa, domin garin kwaki kowa zai iya sammaka a inda ka sauka, amma babu maƙwabcin da zai ara maka takardar gidanka.

Ku tattaro katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun haihuwa, takardar gida ko fili ko shago, takardun makaranta, katin asibiti, katin awon ciki, katin rigakafin yara, da takardun fansho ga mai karɓa. Duk wata shaidar bashi ko jingina ko rabon gado ita ma ta shiga. A sa su a leda mai kauri, a fitar da iska, a naɗe bakin, a ƙara wata ledar ta biyu a ɗaure da roba.

Kada a tsaya a nan. A kai su shagon fotokwafi a yi kwafi, a ajiye a gidan wani ɗan'uwa da ke wata unguwa daban, domin ruwan da ya ci gidanka zai iya cin na maƙwabcinka. Mai babbar waya ya ɗauki hotonsu, ya tura wa ɗansa ko ƙaninsa amintacce ta WhatsApp.

Sai ƙaramin littafi da biro. Ga inda karatunmu zai yi rana. A shafin farko ka rubuta sunanka, unguwarka da sunayen mutanen gidanka. A na biyu, lambar katinka ta ɗan ƙasa, alƙaluma 11 ne. A na uku, lambobin wayar mutum biyar da za ka nema in ta ɓaci. Yawancinmu yanzu ko lambar matarmu ko mijinmu ba mu haddace ba, waya ce ke riƙe mana, ita kuwa waya da ta sha ruwa shi ke nan. Abu ɗaya ne ban yarda a rubuta ba: lambar sirri ta katin banki. Wannan a ka take zama.

Magani

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai farfaɗiya da mai sikila, kowa ya ware maganin mako guda ya sa a jaka, ya rubuta sunan maganin da yadda ake shansa a littafin nan. Katsewar irin wannan magani na kwana biyu ko uku kan iya kwantar da mutum, a daidai lokacin da hanyar asibiti ta yi wuya. Allurar ciwon suga ba ta son zafi, don haka ba a barinta a jaka. Sai dai a liƙa takarda a jikin jakar, a rubuta da manyan baƙaƙe: ƊAUKO ALLURA.

A ƙara farasitamol, bandeji, filasta, auduga, maganin wanke ciwo, sabulu, da ƙunshin gishiri da sukari na kemis kamar guda biyar.

Ku ɗauko kwalin magani ku duba gefensa. Za ku ga haruffa uku, EXP, da lambobi a gabansu. In an rubuta 08/2027, ana nufin maganin zai daina aiki bayan wata na takwas, wato Agusta, na shekarar 2027. Zafin bazarar Kano kan haura digiri 40, saboda haka kada a rataye jakar inda rana ke dukanta ko dab da kwanon rufi.

Ruwa, da ɗan lissafi

Babban mutum na bukatar kamar lita 3 na sha a rana. Gida mai mutum 6 zai sha lita 18 a rana, a kwana uku lita 54 ke nan. Lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne, kun ga kilo 54 ya wuce buhun shinkafa. Ba mai gudu da wannan. Don haka ruwa kashi biyu ne. Na zama, wato jarka biyu ko uku masu lita 25 irin na 'yan garuwa, a wanke, a cika, a rufe, a ɗora a kan abu mai tudu saboda ranar da za a hana fita. Sai na tafiya: ruwan leda huɗu ga kowane babba. Leda ɗaya rabin lita ce.

Bayan ambaliya kada a yarda da rijiya, ko da ruwanta ya yi garau. Ruwan sama na cika masai ya tumbatso, ƙazantar ta gangara rijiya, daga nan amai da gudawa ke ɓarkewa. A tafasa ruwa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ko a sa maganin tsarkake ruwa na kulorin yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Mutane da yawa sun ɗauka yana yi.

Idan gudawa ta kama yaro kuma ƙunshin kemis ya ƙare, a juye ruwan leda biyu a kwano mai tsabta, lita ɗaya ke nan. A zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, a shafe ba a tula ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A dama, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada gishirin ya wuce haka. Abin da ya kai kwana ɗaya a zubar a haɗa sabo. In ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, a nufi asibiti ko ta halin ƙaƙa. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono.

Guzuri

Kakanninmu fatake da mahajjatan ƙasa sun riga sun gama mana wannan nazari. Abin da ba ya son wuta kuma ba ya saurin lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, soyayyar gyaɗa, aya, dakuwa, kilishi in da hali. A zuba a gorar roba mai murfi saboda ɓera da kiyashi. Taliyar leda da shinkafa a bar su a ajiyar gida, tunda sai da murhu. Kofi ɗaya da cokali ɗaya sun isa.

Haske, labari da kuɗi

Tocila da batir na ajiya, amma a cire batirin daga cikinta don kada ya zube ya ci ƙarfen. Ashana a leda. Caja da fawa bank. Ƙaramar rediyo mai batir, domin ranar da sabis ya ɗauke, a gidajen rediyonmu na Kano za ka ji sanarwar hukuma, ka rabu da ji-ta-ji-ta. Usur ma na da amfani: wanda gini ya danne muryarsa kan dishe, amma busa na kai wa nesa.

Kowa ya tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mutum ke da kuɗi a banki amma ya rasa na koko. A soke 'yan canji a jakar, ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar, gwargwadon kuɗin adaidaita sahu da abincin yini biyu. A riƙa tarawa kaɗan-kaɗan kamar asusu. Na san ranar da babu cefane ido kan koma kansu. In an taɓa, a mayar.

Sauran kuwa a gurguje: kaya kala ɗaya ga kowa, zani biyu domin zani shi ne mayafi, shimfiɗa, majanyi da labule, gidan sauro, babbar leda, igiya, ƙaramar wuƙa, audugar mata, ƙyallen jariri, rigar sanyi in hunturu ne, da tabarau ga mai sa shi.

Inda za ta zauna, da ranar fita

A rataye ta a ƙusa kusa da ƙofar ɗaki, sama da inda ruwa ko ƙananan yara za su kai. Kada a kulle ta a durowa a zo ana neman mukulli a duhu. Kowane babba a gidan ya san wurin. A sauke ta sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin damina ta kankama, da Nuwamba kafin sanyi, lokacin da jin ɗumi ke jawo gobara. A cinye guzurin a zuba sabo, a sake ruwan, a duba kwanan watan magani.

Mutanen gida su tsayar da mahaɗa tun yanzu, kamar ƙofar masallacin Juma'a ko makarantar firamare mai tudu, saboda in an warwatse. Kowane yaro da ya iya magana ya haddace sunan mahaifinsa, unguwarsu da lambar waya ɗaya.

In ruwa ne, a rufe tukunyar gas, a kashe babban makunnin lantarki idan wurin a bushe yake, a fita tun ruwa bai kai gwiwa ba. Ruwa mai gudu da ya ɗan haura idon sawu na iya kayar da ƙato, kuma ba ka ganin buɗaɗɗiyar kwalbati a ƙarƙashinsa. A dogara sanda, a taka a hankali, a riƙe yara gam. Dare ya yi ana ruwa, katangar ƙasa ta jiƙe ta tsage, kada a kwana a gindinta.

In wuta ce, a sunkuya ƙasa da hayaƙi a fice, a kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta ce. Idan jakar na bayan wuta, a bar ta. Wanda ya fito kada ya koma don takarda ko kuɗi, ai dama saboda haka muka kai kwafi gidan ɗan'uwa.

Aikin wannan mako

Ku karanta waɗannan da ƙarfi, ku kwafe su sau uku-uku: jaka, takarda, magani, ruwa, tocila, ambaliya, gobara.

Ku lissafa: mutum nawa ne a gidanku, kuma lita nawa za su sha a kwana uku? Jarka nawa ke nan mai lita 25?

Ku sami kwalin magani ɗaya a gida, ku rubuta wata da shekarar da zai daina aiki.

Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da ƙaramin littafinsa, da shafuka ukun farko a cike da rubutun hannunsa. Wanda lambobi ke ba shi wuya ya zo da katinsa da wayarsa kafin a tashi aji, mu zauna mu rubuta tare.