Yadda Ake Zaɓen Tufafin Atisayen Wasan Zamiya a Kan Ƙanƙara

Duk wanda ya shiga ɗakin wasan zamiya a kan ƙanƙara a karon farko, sanyi ne zai fara yi masa maraba tun daga bakin ƙofa, kuma wannan sanyin ne ke jawo kuskuren da yawancin iyaye ke yi, wato su jibga wa yaro riguna kamar wanda zai kwana a waje a tsakiyar hunturu. Ni ma haka na yi ranar da na fara kai 'yata darasi a wani fili a Ingila: na sa mata rigunan sanyi masu kauri har biyu, da wandon jins, da safa mai gashi, sannan na naɗa mata dogon mayafi a wuya. Ba a yi minti goma sha biyar ba ta jiƙe sharkaf da gumi, wandon ya sha ruwa a gwiwa da mazaunai saboda yawan faɗuwa, ga shi ko hannu ba ta iya ɗagawa yadda ake nuna mata. Mai horarwar ta zo har bakin shinge ta roƙe ni, cikin ladabi, da in cire mayafin kafin yarinyar ta ci gaba. Tun daga ranar na gane cewa kayan atisaye ana zaɓen su ne da sanin cewa mai wasa zai yi gumi kuma zai faɗi, sanyi kuwa shi ne mafi sauƙin magancewa a cikin lamarin.

Ƙanƙarar da ake wannan wasa a kanta ana riƙe ta ne a kusan digiri 4 ƙasa da sifiri, amma iskar ɗakin ba ta kai haka ba, domin a filaye da yawa takan tsaya a kusa da digiri 10, kwatankwacin asubar hunturu a Jos. Wanda ke zaune a benci yana kallo zai ji sanyin har cikin ƙashi, amma wanda ke zagaye fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30 jikinsa zai ɗau zafi cikin 'yan mintuna. Saboda haka dabarar ita ce a sa kaya marasa nauyi hawa-hawa, yadda za a riƙa rage su ɗaya bayan ɗaya. A jikin fata a sa riga mai dogon hannu wadda ta kama jiki, da aka yi da yadin wasanni mai talewa, irin wanda ke fitar da gumi ya bushe da wuri. A kanta a ɗora rigar sanyi mara kauri mai zif a gaba, wadda za a iya zugewa a cire ba tare da an taɓa hula ko ɗaurin kai ba. Idan filin na da tsananin sanyi, ko kuma darasin na sassafe ne, ana iya ƙara 'yar shara mai ɗumi, tunda ita tana rufe ƙirji da baya ta bar hannuwa a sake.

A nan dole mutum ya saɓa wa abin da ya saba da shi. Mu mutanen ƙasar zafi mun tashi da sanin cewa auduga ita ce sarauniyar yadi, kuma gaskiya ne a ƙarƙashin rana, inda jiƙewar riga ke sanyaya jiki. A kan ƙanƙara wannan halin nata shi ne aibinta, domin tana shan gumi ta riƙe shi, da zarar mai wasa ya tsaya sauraron bayani sai jiƙaƙƙiyar rigar ta manne masa ta koma kamar tsumman da aka tsamo daga randa. Wandon jins ya fi kowane muni, saboda ba ya talewa, yana shan ruwa, kuma ba ya bushewa har a tashi darasi.

Wandon da ya dace shi ne mai talewa wanda ya bi ƙafa, musamman daga gwiwa zuwa idon sawu, kuma akwai wanda ake ɗinkawa don wannan wasa, mai laushin gashi daga ciki, da baya mai santsi wanda ruwa ba ya saurin ratsawa. Dalilin matse ƙafar wandon yana ƙarƙashin takalmi. Ƙarfen da ake zamiya a kansa kaurinsa kusan milimita 4 ne, yana da kaifi biyu, sannan a gabansa akwai haƙora kamar na zarto waɗanda ake cakawa a ƙanƙara wajen tsalle. Mai wasa yana yawan gitta ƙafa ɗaya a kan ɗaya, kuma idan bakin wando na da faɗi, haƙoran nan ko wutsiyar ƙarfen za su iya sarƙafewa a cikinsa su kayar da mutum ta fuska, kafin ma ya samu damar kai hannu ƙasa. Akwai wani dalilin kuma da iyaye ba su cika lura da shi ba, wato mai horarwa yana buƙatar ganin yadda gwiwa ke lanƙwashewa, da inda ƙugu da kafaɗa suka fuskanta, domin a nan ne yake gane kuskure ya gyara shi tun bai zama ɗabi'a ba. Yaron da ke cikin burmemen kaya yana iya shafe watanni yana tsayuwa a karkace ba wanda ya gani.

Wannan batu na kaya masu kama jiki shi ne inda iyalai Musulmi da yawa ke tsayawa su yi tunani, kuma damuwa ce da ta cancanci a amsa ta da kyau. Babu wata ƙa'ida da ta ce sai an yi atisaye da gajeren siket ko da jiki a waje, hasali ma ko a gasa, hukumar wasan ta duniya, ISU, ta ba mata damar sa wando tun shekarar 2004. Abin da na ga ya fi yi wa yara mata daidai shi ne wando mai kauri wanda ba ya nuna fata, a ɗora masa riga mai tsawo da ta sauko tsakiyar cinya, ko siket mara nauyi da ya tsaya a saman gwiwa. Abin da za a kiyaye shi ne kada wani yadi ya sauka ƙasa da gwiwa yana lilo, domin idan mai wasa ya durƙusa ko ya yi juyi a tsugune, bakin yadin zai kai inda ƙarfen yake. Doguwar riga da abaya da dogon hijabin nan namu mai kaiwa ƙasa, a zo da su, amma a cire su a ɗakin canza kaya a mayar bayan an gama.

Rufe kai kuwa an riga an share hanyarsa. Zahra Lari, 'yar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ita ce ta fara shiga gasar ƙasa da ƙasa ta wannan wasa da hijabi, kuma a 2012, a garin Kanazei na Italiya, alƙalai suka rage mata maki saboda shi, sai daga baya aka daina ɗaukar sa a matsayin saɓa ƙa'ida. A 2017 kamfanin Nike ya fitar da hijabin wasanni, tana cikin waɗanda suka tallata shi, kuma yanzu ire-irensa sun cika kasuwa a kan farashi daban-daban. Wanda za a nema shi ne na zurawa, mai talewa, wanda ya kama fuska ba tare da ya rufe gefen ido ba, gajere yadda za a cusa bakinsa cikin wuyan riga. Kada a yi amfani da fil ko allura ko ɗaya. Fil ɗin da ya faɗi a kan ƙanƙara ba a ganin sa, kuma idan ƙarfen wani ya hau kansa a guje tsayawa zai yi cak, mai shi ya wuce gaba. Gyale da ɗankwalin ɗauri su ma ba su dace ba, tunda juyi ɗaya mai ƙarfi ya isa ya warware su. Kafin a saya, yarinya ta sa shi a gida ta yi juyi da sauri sau da yawa, ta sunkuya, ta girgiza kai, idan ya zame zuwa goshi ko ya juya gefe to a nemi wani.

Hujjar da ta hana fil ita ce ta hana duk wani ƙaramin abu da zai iya ɓallewa: 'yan kunne masu lilo, sarƙa, awarwaro, duwatsun ado na riga, da ƙananan duwatsun da ake zura wa yara a bakin kitso. A gasa ma maki guda ake cirewa idan wani ɓangare na tufafi ya faɗi a kan ƙanƙara. Rigunan ƙyalƙyali da ake gani a talabijin na ranar gasa ne, su kansu gwanayen da baƙaƙen kaya marasa ado suke atisayen yau da kullum, don haka kada kwalliyar kanti ta ruɗi mai saye; ba girin-girin ba, ta yi mai. Gashi a ɗaure shi ya bar fuska, kuma a nan kitsonmu na kwance, irin wanda ake yi zuwa baya, ya fi kowane ɗauri dacewa, saboda ba ya warwarewa kuma hular kwano na zama daidai a kansa, saɓanin gashin da aka tufke a ƙeya wanda ke tura hular gaba.

Safar hannu wajibi ce ga mai koyo, domin hannu ne ke fara isa ƙasa, ƙanƙarar da aka daɗe ana bi ta kanta tana da kaushi, ga kuma ƙarafan wasu suna wucewa kusa da yatsu. Mara kauri mai rabe da yatsu ta wadatar, amma a riƙe biyu a jaka tunda ta farko za ta jiƙe.

Safar ƙafa ce wurin da kusan kowa ke yin kuskure, kuma na daɗe kafin in yarda da abin da aka gaya mini, domin hankali ba ya saurin karɓar cewa siririyar safa ta fi mai kauri ɗumi. Takalmin zamiya an yi shi ne ya kama ƙafa tsam, diddige ya zauna ba ya ɗagawa, yatsu kuma su iya motsi kaɗan. Safa mai kauri ko dai ta matse ƙafar ta rage gudun jini, sai yatsu su yi sanyi, ko kuma ta naɗe a ciki ta riƙa goga har bororo ya fito, sannan tana hana mai wasa jin ɓangaren ƙarfen da yake kai. A sa guda ɗaya tak, siririya, mara ɗinki mai tudu a yatsu, wadda ta zarce bakin takalmin tsawo don kada fatar takalmin ta ci ƙwauri. Idan sabon takalmi na cin idon sawu, akwai wata safa mai roba mai laushi daga ciki da ake zurawa a wurin. Mai koyo yana iya farawa da takalmin haya, amma idan aka tashi saye, a je inda za a auna ƙafa, a kuma guji saye da girma don yaro ya girma a ciki, kamar yadda muke yi da takalmin sallah. Kamfanoni irin su Jackson, Riedell, Edea da Risport kowanne yana da matakan tauri, kuma takalmin da aka yi wa masu tsalle mai juyi uku zai hana mai koyo lanƙwasa gwiwa. Wajen ɗauri, a ja igiya sosai a daidai lanƙwasar idon sawu, a ɗan sassauta a sama yadda yatsa zai iya shiga ta baya, kada a zagaye ƙafa da ragowar igiyar, a cusa ta yadda ba za ta ja ƙasa ba.

Game da kariyar kai, hukumar wasan ta Kanada ta wajabta wa masu koyo a shirinta na CanSkate sa hular kwano irin ta 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara har su kammala mataki na 5. A wasu ƙasashen shawara ce kawai ake bayarwa, amma a ganina duk yaron da bai iya tsayawa da juyawa da kansa ba, da duk babban da ya fara koyo da girma, ya kamata ya sa. Faɗuwar mai koyo ta baya ce, don haka a nemi hular da ta rufe ƙeya, ta zauna daidai a saman gira, a ɗaure maɗaurinta a haɓa. Idan aka kai matakin koyon tsalle, gajeren wando mai soso a ƙugu da ƙarshen ƙashin baya yana rage raɗaɗi, kuma yana cire wa yaro tsoron da ke sa shi ƙanƙame jiki a sama. Shi da soson gwiwa duk ana iya sa su a ƙarƙashin wandon atisaye.

Saura abin da ke cikin jaka. Ƙarfen takalmi na da marufi iri biyu, kuma ba a musanya su. Na roba mai tauri na tafiya ne daga benci zuwa bakin fili, don kada siminti ya dakushe kaifin, kuma dole a tuna a cire shi kafin a taka ƙanƙara, domin wanda ya manta zai sha ƙasa tun a takun farko. Bayan an gama, a goge ƙarfen da ƙaramin tawul har ya bushe, a sa masa marufin yadi mai shan danshi, saboda idan aka ajiye shi cikin na roba, ruwan da ya maƙale zai sa shi tsatsa. A zo da busasshiyar riga da safa na canzawa, da babbar rigar sanyi ta komawa gida, sannan da an isa a fito da takalmin daga jaka, a sassauta igiyarsa, a ja harshensa gaba, a bar shi ya sha iska nesa da na'urar ɗumama ɗaki, wadda zafinta ke busar da fata har ta tsage.