Kurakuran da sababbin masu wa'azi ke yi a kan son kai da ceto

Duk shekara in makon matasa ya zagayo a majami'armu, dattawa sukan bar wa yara bagade su yi wa'azi, ni kuma a ɗora mini duba takardunsu kafin Lahadi. Yawancinsu son kai suke zaɓa, don a ganinsu magana ce mai sauƙi, kowa ya san wani mai son kai a unguwarsu. Bakina ya gaji da maimaita gyara iri ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zan fara da kuskuren da ni kaina na yi, wanda har yau in na tuna sai in ji kunya. Wato mai da wa'azi gugar zana.

Lokacin ina ƙaramin mai bishara a wata majami'ar ƙauye, ginin laka, maza a hannun dama mata a hagu. Watan Agusta ne, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Akwai wani dattijonmu mai rumbu uku cike da dawa, ya ƙi buɗewa yana jiran mudu ya ƙara tsada. Sai na ɗauko Luka 12:16-21, labarin mai arzikin nan da gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya. Na bi na ƙirga wa jama'a yadda mutumin ya cika bakinsa da amfanina, rumbunana, kayana, raina, ba Allah ba maƙwabci a cikin lissafinsa. Duk sanda na ce rumbu sai in juya hannun dama in tsaya kaɗan. Mata suka riƙa cewa amin da ƙarfi. Na sauko ina jin kaina kamar Iliya a kan Dutsen Karmel.

Da dare ina cin tuwo, uwargida ta ajiye mini ruwa ta ce, "Malam, wa'azin nan na yau, na rumbu ne ko na keke?" Lomar ta tsaya mini a wuya. Wata biyu kafin nan, a taron dattawa, wannan dattijon ne ya hana a saya mini keke da kuɗin ikilisiya. Na hau bagade ina tsine wa son kai, alhali son kai ne ya rubuta mini wa'azin tun daga farko har amin. Dattijon bai sake taka majami'a ba, matarsa da 'ya'yansa suka bi shi, aka yi damina biyu a haka. Ranar da na iya haɗiye girman kaina na je, na same shi a gindin ɗorawa yana tufka igiya. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara." Bai ɗago ba sai da ya gama ƙulli, sannan ya ce, "Malam, abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ba don Allah ka faɗe shi ba."

Yara sukan ce mini ai annabi Natan ma ya ce wa Dawuda kai ne mutumin. Haka ne, amma wurinsa ya tafi, ido da ido, bai tara jama'a ya yi masa habaici ba. Matiyu 18:15 ma haka ya ce, ka je ku biyu kaɗai tukuna. Abin da nake yi tun daga lokacin, in na gama rubuta wa'azi sai in rufe ido in ga ko akwai fuskar da ke zuwa mini. In akwai, to ko in je in same shi a gida, ko in ajiye takardar sai wata shekara. Sannan ina bi da fensir in soke duk inda na rubuta "ku" in mai da shi "mu". Romawa 3:23 ta ce duka sun yi zunubi, ba ta cire mai riƙe da makirufo ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, bagade kuwa ya fi ko'ina tudu a cikin majami'a.

Na biyu, kuna ɗauka son kai rowa ce kawai. Da haka ne, da mai kyauta ba ya bukatar Mai Ceto. Ku karanta Luka 18 da kyau. Bafarisiyen nan, ɗan ɗarikar Yahudawa masu tsananin bin Doka, yana azumi sau biyu a mako, yana ba da zakka daga duk abin da ya samu, ba wanda zai kira shi marowaci. Amma addu'arsa kaf labarin kansa ce, kuma mai karɓar harajin da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji shi ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, da yake koyar da wasiƙar Romawa a Jamus a 1515 zuwa 1516, ya kwatanta ɗan adam da abin da ya lanƙwashe ya koma cikin kansa, har abubuwan ibada ma kansa yake nema a cikinsu. Ni bushiya nake tunawa, in ta dunƙule ba ta ganin komai sai cikinta, duk wanda ya matso kuma ƙaya zai taɓa. Ku duba ranar godiya ta kaka, yadda wani ba zai fito da buhunsa ba sai an kira suna, da yadda ake rikici a ƙungiyar mawaƙa a kan wa zai ja baiti. A Markus 10, Yesu ya gama faɗa wa almajirai za a kashe shi a Urushalima, Yakubu da Yahaya suka matso suna roƙon kujerar dama da ta hagu. Waɗannan fa sun bar jirgi da ubansu Zabadi sun bi shi. In son kai ya iya ɓuya a nan, kada ku ce mini yana gidan attajirai kaɗai.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni haushi, don kusan kowace takarda da shi take ƙarewa. Za ku yi minti talatin kuna nuna zurfin ciwon, sai ku rufe da "saboda haka mu yi ƙoƙari mu daina son kai." Ke nan? Ina Almasihu? Ina gicciye? Wannan nasiha kakata ma ta yi mini ita, kuma ba ta taɓa riƙe Littafi Mai Tsarki ba. Kun ce zuciya ce ta lalace, sannan kun aiki zuciyar ta gyara kanta. Wanda ya faɗa rijiya ba ya kama wuyan rigarsa ya jawo kansa waje, sai an zuro igiya daga sama.

Gardamar nan tsohuwa ce. Wani malami daga Birtaniya mai suna Pelajiyus ya koyar cewa mutum na da ikon cika umarnin Allah in ya dage. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya tsaya masa cewa sai alherin Allah ya fara aiki a ciki, taron ikilisiya a Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, kuma ya yi watsi da koyarwar Pelajiyus a shekarar 418. Agustin ya san abin da yake faɗa. Shi da kansa ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 suka saci 'ya'yan itacen wani maƙwabci shi da abokansa, ba don yunwa ba, a ƙarshe aladu suka zuba wa. Bulus ma a Romawa 7 kuka yake yi, nagarin da yake so ba ya yi, mugun da ba ya so shi yake yi, kuma bai rufe da zan ƙara himma ba. Tambaya ya yi, wa zai cece ni, ya amsa da sunan Yesu Almasihu.

Wannan ma na biya kuɗinsa. Na taɓa koyar da ajin baftisma wata shida ina jera musu yi da bari. Wata yarinya mai natsuwa, ita ce kullum ke share majami'a ranar Asabar, ta tsaya bayan kowa ya watse ta ce, "Baba, to in na kai ina ne zan san na tsira?" Ta nuna mini bayan littafin waƙoƙinta, ta ja layi tana rubuta ranakun da ta yi kirki da ranakun da ta kasa. Ni na koya mata wannan lissafin ba tare da na sani ba. Na mai da idonta kan kanta dare da rana, wato ciwon da na ce ina magani shi na ƙara mata. Muka zauna a kan benci na buɗe mata Afisawa 2:8-9, cewa ta wurin alheri aka cece mu, baiwa ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fariya. Tun ranar, duk wa'azin da na duba na ga za a iya cire sunan Yesu ba abin da ya rushe, mayar wa mai shi nake yi. Wasu fastoci na ganin na cika tsanani, ni dai haka nake yi.

Kada kuma ku gudu daga wannan ramin ku faɗa na kusa da shi, ku bar mutane suna "an cece ni" ranar Lahadi, ranar kasuwa suna auna wa mutane da mudun da aka buge wa gindi. Aya ta goma ta Afisawa 2 na nan bayan ta tara, ita ce ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, da ceto ya shiga gidansa, rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda ya zalunta kuma ya ce zai mayar masa ninki huɗu. Ku lura da jerin kawai, sai da Yesu ya ce yau a gidanka zan sauka, sannan hannun Zakka ya buɗe. 2 Korintiyawa 5:15 ta haɗa su biyun, Almasihu ya mutu domin masu rai su daina zaman kansu.

Sauran ƙanana ne. Ku daina ɗora wa Shaiɗan da maƙiya komai, Adamu ma Hawwa'u ya nuna, Markus 7:21 kuwa ta ce daga cikin zuciya mugunta ke fitowa. Kada ku tallata ceto da mota da biza, wannan kiwon son kai ne da sunan bishara. Matar da ta fasa zuwa zumuntar mata don tana jinyar ɗanta ba mai son kai ba ce, ku bar ta ta huta. "So so ne amma son kai ya fi" karin magana ce, na ji wani ya ce tana cikin Karin Magana ta Sulemanu, ba ta ciki. Ayar da ba ku buɗe kun gani da idonku ba, kada ku faɗi lambarta.

Masu wa'azin bana, ku kawo mini takardunku ranar Alhamis bayan addu'ar yamma, ba daren Asabar ba. Ku bar fili a gefen kowane shafi, kuma ku zo da fensirinku, nawa ya kusa ƙarewa.