Yadda za ka hana shafin manhaja tsalle idan an ja shi

Ja shafin manhajarka ƙasa da yatsa. Idan ya miƙe kamar roba, farin fili ya leƙo daga sama, sannan ya koma, to asiri ya tonu: kowa ya gane shafin intanet ne aka sa wa rigar manhaja. Ga gyaran.

1. Fara da CSS, wato lambar da ke tsara kamannin shafi. A kan html da body rubuta overscroll-behavior: none. Chrome ya daɗe da saninsa, amma Safari, burauzar iPhone, sai a siga ta 16, a 2022, ya karɓa. Tsofaffin iPhone kunnen uwar shegu za su yi maka.

2. Idan da Cordova (kayan aikin da ke mai da shafin intanet manhajar waya) ka gina manhajar, buɗe config.xml ka mai da DisallowOverscroll zuwa true.

3. Bai daina ba? Shiga lambar asali, wato wadda aka rubuta don iOS ko Android kai tsaye. A iOS rubuta webView.scrollView.bounces = false. A Android kuwa setOverScrollMode(View.OVER_SCROLL_NEVER), shi ke kashe hasken nan na bakin shafi.

4. Akwatin da ke gungura a cikin shafi, kamar jerin saƙonni, ba shi overscroll-behavior: contain, kada ya ja shafin gaba ɗaya idan ya ƙure.

Sake gina manhajar, ka gwada a waya ta gaske. Ni ban yarda da gwajin burauza ba a wannan harka.